Rediyon Arlit

A ɗakin Inna, bayan jeren kwanonin da ta shigo da su gidan nan tun tana amarya, akwai wani abu da ya yi kusan shekara 20 lulluɓe da tsohon zane. Jikokinta sun ɗauka ƙaramin tebur ne, don a kansa ake aje tire da fitila. Ni dai na san ko mene ne. Rediyon Baba ne, wanda ya sauko da shi daga Arlit.

In na ce rediyo kada mai karatu ya kawo irin wanda makiyayi ke ratayawa a kafaɗa. Wannan akwati ne mai nauyi, ya haura kilo 10, fuskarsa ta farin ƙarfe, jikinsa launin katako, ga maɓallai a jere kamar haƙora. Sunansa Pioneer SX-780, ƙirar Japan, an fara fito da irinsa a 1978. Ba ya magana da bakinsa, sai an haɗa masa lasifika biyu, ta hagu da ta dama, kowace yana iya tura mata wat 45. Baba ya saye shi a 1980 a hannun wani annasara da zai koma Faransa, lokacin yana tuƙa manyan motocin da ke kwaso dutse daga ramin yuraniyom. Albashin wata biyu ya zuba, biya uku. Da kuɗin yuraniyom ya faɗi aka fara rage ma'aikata, ya tattaro ya dawo Damagaram, kuma Inna na cewa tun daga Arlit har Agadas, daga Agadas har gida, a cinyarsa ya riƙe akwatin nan cikin bargo, ita kuwa da goyo ta zauna a kan buhu. Har gobe ba ta yafe wannan ba.

Abin da na fi tunawa da shi ba kiɗan ba ne. In Baba ya ɗaga maɓallin wuta, fuskar sai ta haske da wani haske mai ruwan zuma, amma ba a jin komai. Sai mu yi tsit, muna ƙirga a zuci. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Can sai ka ji ƙas daga cikinsa, sannan murya ta cika ɗaki. In ɗayanmu ya ƙosa ya ce ya lalace, Baba ya ce, "Bar shi ya kintsa, babba ba ya fita da gaggawa." Da dare yakan murɗa babban maɓallin nan mai santsi, allura ta yi ta tafiya a hankali a matsakaicin zango har ta kamo Kaduna. Ranar hutu kuwa kaset ne, Shata ko Ɗan Gurmu, maƙwabta su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

A 2004 wata rana aka kunna, fuska ta haske, aka ƙirga huɗu, aka ƙirga goma, ƙas bai zo ba. Baba ya kai shi wajen wani mai gyara, mutumin ya ce a bar shi ya kwana biyu. Baba ya kalli tulin rediyoyin mutane da aka fafe wa ciki a bayan shagon, ya naɗe abinsa ya dawo da shi. Ya ce sai ya samu mai amana. Kafin ya samu, idonsa na hagu ya fara rufewa, ciwon nan da ke cin ido a ɓoye ba zafi ba ƙaiƙayi. Bayan shekara shida na dama ya bi sahu. Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen rediyo.

A daminar 2023 yayana ya shigo da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, da sikelinsa a hannu. Ba mugunta ba ce, ɗakin Inna na yoyo, ana neman kuɗin kwano. Mutumin ya ɗaga akwatin, ya ce nauyin nan duk jan ƙarfen taransifoma ne, zai ba da jika 4. Baba na zaune a rumfa, mun ɗauka barci yake. Sai muka ji ya ce, "In kun gama da shi, ku zo ku ɗora ni a sikelin, a haɗa kuɗin." Mai ƙarafa ya saɓa buhunsa ya fita ba sallama. Ni kuma, don in kashe kunyar da ta rufe tsakar gidan, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, ni zan gyara muku shi."

Ni malamin labarin ƙasa ne a kwaleji. Kafin ranar nan ko soket ban taɓa canzawa ba.

Na fara aikin a mafi munin lokaci. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, a farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka kuma rufe iyaka. Mu nan gabas da layin da ke fitowa daga Katsina muke sha, saboda haka kuran ya zama baƙo, ya zo sa'ad da ya ga dama, ya tafi ba sallama. Hutun makaranta ne, lokaci na hannuna, wuta ce babu.

Ranar da na kwance murfin na fahimci cewa shekara 19 ba mu kaɗai ke zaune a gidan ba. Zanzaro ya gina ɗakuna uku a jikin taransifoma. Ƙwan tsaka, fashe da wanda bai fashe ba, a kowane lungu. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan komai kamar an barbaɗa garin gero. Kwana biyu na yi da burushin fenti da famfon keke ina hurawa, ina atishawa. Da ƙurar ta tafi sai abin ya fito da kyansa: faranti mai ɗauke da ɗaruruwan ƙananan abubuwa, kowane da lambarsa rubuce a gefensa, wayoyi a ɗaure tsaf, da wani zare da ya zagaya ƙananan ƙafafun gargare yana jan allurar tasha. Wanda ya ƙera wannan ya san wata rana wani zai buɗe, ya kuma bar masa hanya. Wayar da ke aljihuna ko inda za a sa turnabis ba ta da shi.

Na samo littafin gyaransa a intanet, na je aka buga mini taswirar a manyan takardu, na manna su da salatif na shimfiɗa a tabarma. A nan girman kai ya fara shiga na. Na ce ai taswira sana'ata ce, wanda ya koya wa yara bin kogin Kwara daga tsaunukan Gini har teku, wannan ba za ta gagare shi ba. Kuma gaskiya na fahimci wani abu. Wuta na shigowa da volt 220, taransifoma ya sauke ta, wasu ƴan abubuwa su miƙar da ita ta daina kai da komo, sannan ta taru a manyan kwandansa biyu masu kamar gwangwanin tumatir. Waɗannan su ne rumbu, kuma suna riƙe wuta ko bayan an zare waya, wanda bai sani ba su gaishe shi. Sauti kuwa yana shigowa ɗan mitsitsi, a yi ta ƙara masa ƙarfi daki-daki, har ya iso wajen wasu baƙaƙen abubuwa biyu masu faɗin akwatin ashana, manne da ƙarfen da ke shanye zafi. A jikinsu an rubuta STK-0050. Su ne ƙwanjin rediyon, ɗaya na hagu ɗaya na dama.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gano ma'anar ƙas. Ashe akwai mai gadi a ciki. In an kunna, yakan tsare ƙofar da ke tsakanin rediyon da lasifika na ɗan lokaci, ya duba ko wutar da ba ta dace ba na malala ta hanyar. In lafiya, ya buɗe, ƙarar buɗewar ce muke ji muna yara. In ya ga ɓarna, ya ƙi buɗewa, don kada lasifika ta ƙone. Wato shekara 19 rediyon Baba bai mutu ba, mai gadi ne ya ƙi buɗe ƙofa. Saura in san dalili.

Na kalli bidiyo a YouTube har kuɗin wayata suka ƙare, na sake sawa. Kusan kowa abu ɗaya yake faɗa: in irin wannan ya ƙi yin ƙas, a fara zargin baƙaƙen nan biyu. Sun kuma faɗi wasu abubuwan da na ji da kunne ɗaya. Sun ce a naɗe tsinken ma'auni da salatif a bar ɗan bakinsa kawai. Sun ce a maƙala waya tun wuta na kashe, kada a riƙa lalube da hannu cikin abu mai rai. Sun ce kada a taɓa kunna tsohon abu kai tsaye, a ratsa wutar ta cikin ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki, in akwai matsala ƙwan ya haske ya shanye wutar, maimakon abin ya ƙone. Na zaga shaguna ban samu irin ƙwan ba, duk na zamani ne marasa zafi. Na ce ba komai. Na sayi ma'auni jika 6, ƙarfen dalma jika 3, na zauna jiran wuta.

Ta zo wajen ƙarfe biyu na dare. Na tashi firgigit, na san ba lalle ta yi awa ɗaya ba. Na kunna rediyon, na riƙe tocila da baki, na kai tsinken ma'auni kan ƙafafun baƙin abin nan na dama. Ƙafafun a jere suke, kusa da juna kamar haƙoran mataji. Gumi na zuba, sauro na cizo, idona na kan lambar da ma'auni ke nunawa maimakon kan hannuna. Tsinken ya zame ya haɗa ƙafa biyu. Na ga wani shuɗin tartsatsi, na ji ɗas, hasken fuskar ya ɗauke. Sai wari.

Daga ɗakinsa Baba ya ce, "Me ke ƙonewa?"

Na ce, "Maganin sauro ne na kunna, Baba. Ku kwanta."

Ya yi shiru. Ni kuma na zauna a duhu har aka kira assalatu.

Kwana biyu bayan haka na ɗora akwatin a kabu-kabu zuwa wajen wani tsoho da aka kwatanta mini a bayan Kasuwar Dole. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, rediyoyi da talabijin sun kai rufi. A bakin ƙofa akwai murhun gawayi, butar shayi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen wani guntun jan ƙarfe mai mariƙin katako yana cikin garwashi. Da shi yake narka dalma tun kafin a haife ni, saboda haka rashin wuta bai hana shi komai ba. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya riƙa kira na mushe, yadda ake kiran malamai a nan, amma yana jan kalmar ta yadda ba ka rasa jin ɗaya ma'anar.

Bai taɓa ma'auni ba da farko. Ya juya akwatin ya buɗe ƙasansa, ya fito da shi hasken rana, ya sa gilashin ƙara girma. Ya ɗauki mariƙin tsohon burushin haƙori yana ƙwanƙwasa abubuwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kankana. Can ya ce in matso. A wani lungu inda farantin ya yi duhu don zafi, akwai wasu taransista da ke daidaita wutar da sauran sassa ke sha, har da mai gadin nan. Ya nuna mini gindin ƙafafunsu. Kowace ƙafa da wani siririn zobe kewaye da ita a cikin dalmar, kamar tsagewar ƙasa bayan ruwa ya janye. Shekara da shekaru na zafi da sanyi, ƙarfe ya buɗe ya tsuke, har dalmar ta saki.

Ya ce, "Mushe, wannan shi ne ciwon da ya kwantar da shi. Mai gadi bai samu abincinsa ba, ina zai samu ƙarfin buɗe ƙofa?" Ya zaro ƙarfensa daga wuta, ya goge bakinsa a tsumma, ya taɓa wuri shida ko bakwai. Kafin shayin da ya zuba mini ya huce ya gama. Sannan ya ɗauki ma'auni ya auna baƙaƙen nan biyu ba tare da wuta ba. Na hagu lafiya. A na dama allurarsa ta faɗi gaba ɗaya. Ya shinshina, ya dube ni ta saman gilashi. "Wannan kuwa ba tsohon ciwo ba ne. Na shekaranjiya ne. Wa ya yi masa?"

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Abin da dalmar dala biyar za ta warkar, na mayar da shi babbar jinya. Na faɗa masa gaskiya, na ce ya gyara ko nawa ne. Ya ce a'a. Ya ce wanda ya karya ƙafa shi ke ɗaukar mai ƙafar zuwa wajen maɗori, kuma shi ke zaman jinya. In ina so, in riƙa zuwa bayan la'asar.

Na yi wata biyu ina zuwa. Satin farko bai bar ni na taɓa rediyon Baba ba. Ya ba ni mataccen faranti ya ce in cire komai in mayar. A nan na koyi cewa ba dalma ake narkawa a ɗiga ba, wurin ake zafafawa, ita ta bi da kanta. In ta yi kyau takan zauna sumul tana ƙyalli kamar ɗan tudu, in ta yi dunƙule mai duhu sai ya kankare ya ce sake. Ya sa na nemo ƙwan fitilar da na raina, a ƙarshe wajen wata mai kiwon kaji na same shi, tana ɗumama ƴan tsaki da shi, wat 100, ta sayar mini tana mamakin abin da malami zai yi da shi. Ya koya mini zubar da wutar manyan gwangwanayen nan kafin in sa hannu. Ƙananan kwandansa da suka bushe muka canza su ɗaya bayan ɗaya, kowane sai na duba ƙafar da ke da alama kafin in cire tsohon, don in aka juya shi fashewa yake. Maɓallan da ke ƙarar yashi muka wanke su. Akwai kuma wasu ƴan sukurori a ɓangaren kama tasha da ya ce ko da wasa kada in murɗa, an daidaita su ne da na'urorin da ba mu da su, wanda ya taɓa su ya rabu da tasha ke nan. Na lura rabin abin da ya sani na abin da ba a taɓawa ne.

Saura baƙin abin da na kashe. Kamfanin Sanyo da ke yin su ya daɗe da dainawa. Da can sai a aika Kano, kasuwar Sabon Gari, kwana biyu ya iso. Yanzu iyaka a rufe, sai masu bin daji da babur. Wani abokina ya haɗa ni da ɗaya daga cikinsu, bayan sati uku ya kawo mini, jika 15 har da ladan hanya. Sabo fil, rubutun jikinsa fari tas. Tsohon ya ɗora shi a tafin hannu ɗaya, mataccen a ɗayan, ya yi kamar mai awo. Ya ce, "Abin da aka daina haihuwa, ina aka samo jaririnsa?" Na ce mu dai gwada. Ya ce kuɗina ne.

Muka sa. Ƙwan fitila ya haske ya dushe, alamar lafiya. Na ƙirga a zuci. A na huɗu na ji ƙas. Na fita waje na tsaya ina kallon masu wucewa don kada tsohon ya ga idona.

Na kawo shi gida kamar ango. Na haɗa tsofaffin lasifikan, na jona wayata ta ƙofar da aka rubuta wa AUX, na sa Shata. Inna ta fito da ludayi a hannu. Baba ya sa aka matso da kujerarsa, ya bi fuskar rediyon da yatsu, maɓalli bayan maɓalli, yana kiran aikin kowane. Sannan ya ɗora tafinsa a kan ramukan iska na sama ya daɗe. Ya ce, "Yana zafi fiye da yadda na san shi." Na ce ai daɗewa ce bai yi aiki ba. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita.

Dare uku ya yi. A na huɗu maƙwabta sun taru, Baba ya ce a ƙara murya. Na murɗa, allurai biyun nan masu nuna ƙarfin sauti suka fara rawa sosai, sai ƙas, ba wanda ya kira shi. Shiru. Mai gadi ya rufe ƙofa, ya ceci lasifikan, amma warin nan na daren farko ya sake tashi. Mutane suka watse da "Allah ya kyauta".

Da tsakar gida ta yi shiru na durƙusa gaban kujerarsa na faɗa masa komai, tun daga tsinken da ya zame. Ya bar ni na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Na sani tun daren. Shekara nawa na yi cikin injuna, ban san warin waya da na maganin sauro ba?" Na ce ku yi haƙuri, na ɓata muku abu. Ya ce, "Abu ai na ɓacewa. Ni ma na taɓa kifar da mota da dutse tan da yawa a cikinta. Ba wannan ba ne." Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana gani. "Tun da idon nan ya tafi kuka mai da ni wanda ake ɓoye wa magana. Gero ya yi tsada, a ce kada Baba ya ji. Abokina ya rasu, sai bayan sadakar bakwai na ji a bakin yaro. Na ce to, ko rediyona a faɗa mini gaskiyarsa. Kai ma sai ka bi su."

Ban samu abin cewa ba, don duk abin da ya lissafa da hannuna a ciki. Mun ɗauka tausayi muke yi.

Washegari tsohon ya sa guduma ya fasa sabon da mataccen na asali, ya aje su gefe da gefe. A cikin na asali ƙwayoyin da ke ɗaukar wuta manya ne, zaune daram. A cikin na jika 15 wasu ƴan mitsi-mitsi ne kamar ƙwayar gero, an lulluɓe su da baƙar roba an buga musu suna. Za su iya raɗa, ba za su iya ihu ba. Ban ga laifin mai babur ba, abin da aka ba shi ya kawo.

Tsohon ya cire na dama gaba ɗaya, ya rufe wayoyin, mai gadi ya yarda ya buɗe wa hagu kaɗai. Na kawo shi gida a haka, na kuma faɗa wa Baba tun daga ƙofa cewa lasifika ɗaya ce za ta yi magana, kuma ban san ranar da ɗayar za ta tashi ba. Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Ni da na yi shekara shida da ido ɗaya? Kunna."

Watannin nan na lasifika ɗaya su ne na fi so a duk labarin. Muka yi sabuwar al'ada. Duk abin da zan yi wa rediyon, a gabansa nake yi, ina faɗa masa. In na cire abu sai na sa masa a hannu ya shafa. Da na canza ƴan ƙwayayen fitilar fuskar, ya tambaye ni launin hasken, na ce ruwan zuma, ya ce to daidai ne, kada in sa masa farin nan na asibiti. In na auna sai in karanta masa lamba, ya ce ta hau ko ta sauka daga ta jiya, don ya fi ni riƙewa. A tsakanin haka ya riƙa ba ni labarin Arlit da ban taɓa ji ba: garin da aka kafa a tsakiyar hamada saboda dutse kawai, ramin da mota ke zagayawa tana sauka kamar cikin ƙwarya, iskar da ke rufe rana da tsakar yini, da yadda Buzaye da Zabarmawa da Hausawa da mutanen Dahomai suke taruwa a ɗakinsa daren Asabar saboda akwatin nan. Daga zancen rediyo muka zarce. Na fara faɗa masa kuɗin tiyar gero yadda yake. Da ƙanwarsa ta kwanta a likita, ni na gaya masa a ranar, ya sa aka kai shi, suka yi hira. Yayana ya yi mini faɗa a kan haka, daga baya shi ma ya bi.

Matsakaicin zango kam ya ba mu kunya. Fitilun zamani da cajojin waya sun cika iska da ƙara, in ka murɗa allura sai ka ji kamar ana soya wake. Sai tashoshin FM na cikin gari, su kuwa tas suke fita.

An buɗe iyaka a Maris 2024, wuta ta daidaita, amma maganin bai zo daga Kano ba. Tsohon ya yi ta aika saƙo wajen abokan sana'arsa, har wani a Maraɗi ya ce yana da gawar irin wannan rediyon. Na wani mai kiɗan biki ne, ƙirar da aka yi don wutar Amurka mai volt 120, aka soka shi a tamu, taransifoma ya ƙone tun ranar farko. Sauran cikinsa ko gumi bai taɓa yi ba. Aka ciro mana ɗaya, ya zo a motar haya cikin kwalin ashana, naɗe da auduga, rubutunsa ya dushe, busasshen farin man nan na shanye zafi a bayansa. Tsohon ya auna shi a tafin hannu, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini. Ya ce, "Tafi gida ka sa. In ka sake kashewa kada ka dawo."

Na sa shi ranar wata Asabar da hantsi, a rumfar Baba. Na goge ƙarfen, na shafa sabon mai siriri, na ɗaure sukurori ba tare da na matse su da yawa ba. Ƙafa bayan ƙafa na bi da dalma, ina faɗa masa lambar kowace. Tsinken ma'aunina yanzu naɗe yake da salatif, kuma tun wuta na kashe na maƙala wayoyin na janye hannuna. Baba na riƙe da maɓallin ƙwan fitilar mai kaji. Na ce ku kunna. Ya ce me ka gani? Na ce ya haske, yana dushewa, ya dushe. Muka yi shiru mu biyu, na ga leɓɓansa na motsi. Ƙas.

Na murɗa ɗan sukurin daidaitawa a hankali har wutar da ke malala zuwa lasifikar dama ta sauko kusa da sifili, na karanta masa, ya ce ta fi ta hagu kyau. Muka bar shi awa ɗaya yana raɗa, yana ɗora tafinsa a kan ramukan iska lokaci-lokaci. A ƙarshe ya ce, "Wannan zafinsa ne." Sannan ya ce in nemo masa wani kiɗan Kwango na su Franco da suke sawa daren Asabar. Na lalubo a waya, na sa. Ya jingina, ya rufe idon da ba ya gani da shi, allurai biyu na rawa tare. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗaga yatsa.

"Jitar nan daga dama take fitowa a Arlit. Ka juya wayoyin."

Na leƙa bayan akwatin. Jan kan waya na cikin farin rami, farin na cikin ja. Na durƙusa na sauya su.